Mutumin da Ba Shi da Reshe

Mai girma wakilin Hakimi, masu girma dagatai, Rabaran, Malam Liman, shugabannin rassan ƙungiyarmu ta sa-kai, uwargidan marigayi Mama Veronica da 'ya'yanki, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya.

An zaɓe ni in yi magana a kan Baba Hananiya, mai gyaran injin ban-ruwa. Ina jin don an san ba na kuka a gaban mutane ne.

Saboda baƙinmu, bari in faɗi yadda muke raba sababbin mambobi. Ba ma tambayar asalin mutum ko addininsa. Ruwa muke bi. Magudanar da ke shayar da gonarka ita ce reshenka. Da mutanenta za ka yi yasa, su ne kuma za su duba ka in ka kwanta ciwo. Baba Hananiya ne ya kawo wannan tsari da aka kafa ƙungiyar a 2001, don a daina gardamar ɗan gari da baƙo. Kuma an daina.

Ya kasance yana ɗora sabon mamba a bayan babur ɗinsa, su bi bakin ruwa har gonar mutumin, sannan ya miƙa shi ga reshensa hannu da hannu. Ya kasance ba ya jin roƙo. Ni kaina reshen Kura na nema, saboda akwai kwalta. Ya tambayi inda gonar albasar mahaifina take shan ruwa, na faɗa masa. Ya ce, "To Malama, Bunkure ce. Ki sayi takalmin roba." Ya kasance in ya kai mutum, a bakin rumfar reshen yake tsayawa. A yi masa tayin abinci, ya ce sauri yake, ya juya shi kaɗai.

Baba Hananiya bai taɓa mallakar gona ba. Injin kowa ya gyara, amma babu magudanar da za a ce tasa ce. Bisa tsarin da ya kawo da kansa, ba shi da reshe. Da ya kwanta ciwo a daminar bana, Kura ta ɗauka na Bunkure ne, Bunkure ta ɗauka na Garun Mallam ne. Babu wanda ya karya doka. Mama Veronica ta faɗa mini duk lokacin da ya ji ƙarar babur a layinsu, yakan ce ta shimfiɗa tabarma, ga 'yan ƙungiya nan. Daga baya ya ce ta bar ta a shimfiɗe, kada ta riƙa wahalar naɗewa.

Mama, yau ga rassan duka sun hallara, kowa sanye da rigar ƙungiya. Kin gani, ashe mun san hanyar gidan.

Saura magana ɗaya. 'Yarsa Joanna, mai ɗinki a kasuwar Kura, ta nemi shiga ƙungiya. Ita ma ba ta da gona. Na tambayi shugaban reshenmu, Malam Hambali, ya ce sai kwamiti ya zauna. Joanna, kwamiti zai zauna, ya iya zama. Kafin nan, ranar Asabar muna da yasa a Bunkure. Mai ɗauko sabo a babur ya tafi, sai dai ki shigo mota ke kaɗai. Za ki same ni a bakin magudana. Ki sayi takalmin roba.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Allah ya ba Baba Hananiya hutu, ya ba iyalinsa haƙuri, ya sa in tamu ta zo a samu mai hawa tabarmar da aka shimfiɗa. Amin.