Ƙurjin Kunnen Sabitu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamanmu, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata, jama'ar Kurfi da Dutsin-Ma, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka tuna da tsohon malamin asibitin Rawayau, ni Tukur.

Allah sarki jiya! A 1984 ɗakin shan maganinmu ciki ɗaya ne, keke ɗaya, ni da Sista Felicia. A dam ɗin Zobe kuwa ba masuncin da ya kai Sabitu, zabiya, wan Mamuda tela, wanda shi ma zabiya ne. Kowace Juma'a sai ya rataye mini tarwaɗa a keke, ya ce, "Malam, ka ci ka yi ƙiba, allurarka ta daina zafi."

Wata rana ya nuna mini ƙurji a kunne, bai fi ƙwayar dawa ba. Sista ta ce a tura shi Katsina. Na ce haba, ɗan wannan? Na shafa masa shuɗin magani kamar yadda muke yi wa kowane gyambo. Faɗinsa na duba, jama'a, ban san zurfi yake yi ba. Ashe ciwon daji ne na fata, irin wanda rana ke yawan jawo wa zabiya. Bai ga damina ta biyu ba, kuma har gobe abin yana cina.

Yau masana sun ce cikin abin da jiki ya gada akwai umarnin da ke hana ƙari, wato tsiron daji, girma. Wani lokaci umarnin yana nan, bai goge ba, sai dai an toshe shi, kamar rumbun da aka yaɓe bakinsa: hatsi na ciki, gida na yunwa. Irin toshewar nan tana da hannu wajen sa wani ƙari ya nutse ya bazu, wani ya tsaya. Ido ba ya ganinta, sai an kai tsokar ɗakin gwaji. Da ma an ce ido ba mudu ba.

Mamuda, ga ka can, tun sallah kake karkata hula a kan kunnen hagu. Na ga ƙurjin da kake ɓoyewa. Na yi wa wanka Sabitu sakaci, wallahi ba zan yi maka ba. Gobe da hantsi ina ƙofar shagonka, ƙafata ƙafarka har Katsina.

Allah Ya jiƙan Sabitu, Ya yafe mini, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.