Kason Hannatu

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Ishaya. Zan faɗi abin da ya same ni bi da bi, yadda ya faru.

Na farko. Na yi aikin sito a wani kamfanin sayen gyaɗa a nan Potiskum tun ina saurayi har furfura ta fito. Kowane wata ana cire wani abu daga albashina ana ajiye mini. Da na yi ritaya, bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira, manaja ya ce in zaɓa: ko in kwashi ajiyata gaba ɗaya, ko in miƙa ta ga kamfanin inshora su riƙa biyana wata-wata har ranar mutuwata.

Ƙanena Dauda ya taso daga Gadaka a kan keke saboda wannan magana. Ya ce, "Yaya, kwashe abinka mu shiga kara mu sayi shanu. Saniya tana haihuwa. Ka taɓa ganin takarda ta haihu?" Na ce masa saniya tana mutuwa, wata kuwa ba ya fasa tsayawa. Ya koma gida ransa a ɓace.

Na biyu. Akawun inshora ya ce biyan iri biyu ne. Akwai mai kauri, amma ranar da aka binne ni ya ƙare. Akwai wanda aka rage, amma in na mutu za a ci gaba da ba matata. Ban yi dogon tunani ba. Na girmi matata Hannatu nesa ba kusa ba, ga tarin da ƙurar gyaɗa ta bar mini. A sito, buhun da ya fara shiga shi ke fara fita. Na zaɓi wanda aka rage.

Da na gaya mata, tana tankaɗe, sai ta yi dariya. Ta ce, "Malam, har mutuwa ka jera mu a layi? Kai ne mai kiran suna?"

Na uku. Damina ba ta zagayo ba Hannatu ta kwanta. Ciwon ciki. Muka kai ta asibiti, ba mu dawo da ita da rai ba.

Wayyo, 'yan'uwa! Ni mai tari ina tsaye, ita ce a ƙasa!

Ƙarshen wata na je karɓa. Akawun ya gaishe ni yadda ya saba: "Baba, ina Mama? A gaishe ta." Na ajiye alƙalami na fita. Ban koma ba. Abin da na rage domin ta ci bayana, ba za a mayar mini ba, ita kuma ba za ta taɓa shi ba. Na ga kamar Allah ya yi mini ba'a. Na daina zuwa sujada. Matan zumunta na coci suna kawo tuwo, yana kwana a rufe. Na rame har wandona ya daina zama. Gaskiya, jira nake a kira sunana.

Na huɗu. Wata safiya maƙwabcina Baba Modu, dillalin shanu, ya shigo ba ko jiran a amsa sallamarsa. Ya dube ni ya ce, "Malam Ishaya, da can waƙarku ta safe ke hana ni komawa barci bayan asuba. Yanzu shirunka ke hana ni. In faɗa kuke da Ubangijinka, tashi ka faɗa masa, ka daina yi wa tuwo gaba."

Da ya fita na durƙusa inda ni da Hannatu muke durƙusawa. Na ce, "Ya Ubangiji, ka tsallake layi. Ni ne a gaba." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a bakin kabari.

A cikin kukan nan Ubangiji ya dawo mini da maganar da ta yi a gadon asibiti, wadda na ɗauka zafin ciwo ne. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, kada ka ce an yi asara. Tun da na ga yadda uwata ta wahala bayan babanmu nake tsoron takaba. Ranar da ka rage naka domina, tsoron ya fita. Ni na riga na karɓi kasona."

Ashe an biya ta, ni ne ban sani ba! Haleluya!

Na tashi na buɗe kwanon, na ci tuwon jiya da sanyinsa. Ranar Lahadi na zo sujada. Ƙarshen wata na je na gaya wa akawun da bakina cewa Mama ta rasu, na sa hannu, na karɓa.

Na ƙarshe. Ban warke daga kewarta ba, ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Amma na gode wa Yesu da ya cire ni daga fushi da neman mutuwa. Ku tanadi tsufanku, ku tuna da matanku, amma ku bar wa Ubangiji kiran suna. Ku dogara gare shi. Kuɗin yana nan kaɗan yadda na zaɓa, kuma in aka sake tambayata, shi zan sake zaɓa. Amin.