Shuɗiyar Mota a Hanyar Tsakuwa

A bakin igiyar da aka tare hanya da ita, wani mai babur ɗauke da buhun taki ya tsaya kusa da wata dattijuwa. Mota ta wuce a guje tana watsa tsakuwa.

"Mama, wai wa suke kora ne?" in ji mai babur.

"Ba kora ba ce, ɗana. Tsere ne, daga ƙasashe daban-daban suka zo. Autana ma yana ciki."

"Tsere kuma ɗaya bayan ɗaya? To wa ke wuce wa?"

"An ce da agogo suke tseren. Ni ma ban gane ba."

"Ashe ɗanki direba ne."

"A'a, a gefen direban yake zama, yana gaya masa inda kwana take."

"Shi direban ba ya gani ne?"

"Haka na tambayi autan nawa, ya yi ta dariya. Bai ma san ina nan ba, don na ce masa ba zan zo ba."

"Wacce ce motar tasu?"

"Shuɗiya ce."

"Ai shuɗiya ta wuce tun ɗazu. Ba ki gani ba?"

"Da na ji ƙara nake rufe ido. Lafiya dai ta wuce?"

"Lafiya lau. Sai dai ƙura ta yi yawa, Mama, ƙila ma koriya ce."

Aka jiyo wata ƙarar daga nesa. Dattijuwar ta kama hannun rigarsa.

"To ka duba mini wannan da kyau. Ni na rufe."