Motar da Ke Shiga Yashin Takanamat

A rumfar tsofaffin kayan mota a Tawa, wani direba yana duba pon, ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Wani dattijo ya matso.

"Malam, wanga za ka sa wa a-kori-kurar can?"

"Shi ne, Baba. An ce yana gudu."

"A kwalta ba. Kai ko yashin Takanamat kake bi. Shafa alli a bakinsa, mu juya tayoyin tare sau guda, ka ƙirga juyinsa."

Suka juya.

"Bai kai huɗu ba."

"To, ranar da ka yi lodin gero, cikin yashi za ta zauna. Nemi mai kusan biyar. Ba ya sauri, amma yana ja."

"Allah ya saka da alheri, Baba! Yaya ka san hanyata?"

"Na gane motarka da ƙofar nan mai ɗaurin igiya. Da damina duk motoci sun ƙi shiga garinmu Takanamat, ita ta kai ɗiyata asibiti tana naƙuda."

"Ta sauka lafiya?"

"Lafiya lau, namiji. Ƙanwarta ma watanta ya kusa. Shi ya sa ba na son motar nan ta koyi gudu."