Kunyar 'Yar Fari da Maganar Hannu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Baure.

Yayata Rabi tana da 'yar fari, Safiya, wadda aka haifa ba ta ji. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta sakin fuska da ita a gaban mutane. To Yaya ta riƙe wannan kunya gam. In yarinyar ta tsaya gabanta, sai ta kau da kai.

Da muka ji akwai ajin kurame a Daura, babanta ya ce ita ma tana da haƙƙin karatu, ya kai ta ta zauna wurin gwaggonta. Ranar da na raka Yaya makarantar, Safiya ta rugo tana ta yi mata wata alama da hannu, Yaya kuwa ido a ƙasa. Sai malamar ta ce, "Baiwar Allah, Inna take ce miki fa. Da ido ake sauraron ta. In kin kau da kai, kin rufe mata baki ke nan."

Yaya ta ɗago. Safiya ta sake yi. Wallahi har malamar sai da ta share hawaye.

Yanzu Yaya na koyon maganar hannu wurin 'yarta, amma matan gidansu na cewa ta zubar da kunya. Don Allah masu sauraro, yaya za mu fahimtar da su?

Ina gaida malamar nan. Ina gaida Safiya da ke gida hutu. Ba za ta ji rediyo ba, amma uwarta za ta dubi idonta ta isar mata.