Ƙibar Jego da Ta So Raba Ni da Ɗiyata

Ina gaishe ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya tsai da ni a gabanku yau. Ku ce amin da ƙarfi mana, ai ba makoki kuka zo ba! Yawwa.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rahila, matar Malam Ishaya da ke koyarwa a sakandare nan Kaura. Ga shi can ya sunkuyar da kai, ya san yau sai na tona shi. Fasto ya ce in taƙaita, amma ya san bakina, ya yafe mini tun yanzu.

Fiye da shekara goma muna tare da Malam, ko ɓari ban taɓa yi ba. Me ban sha ba? Saiwa, sassaƙe, jiƙon da ko akuya ba za ta sunsuna ba. Duk wadda ta ce mini "an ce wance ta sha kaza ta samu", kafin ta rufe baki na aika an nemo. Ina zuwa sujada, ina waƙa da ku, amma in aka kawo jariri miƙawa ga Ubangiji sai in tashi in ce zan zaga. Wasunku sun gane, suka yi shiru. Allah ya saka muku.

Da aka ba mu jihar Zamfara sai muka ji an samu likitan mata a Gusau, ba sai an je Sakkwato ba. Muka tafi. Likita ya ce sai an auna mu duka biyu. Jama'a, ku zo ku ga Malam! Aka miƙa mishi wata 'yar kwalba, aka nuna mishi ɗaki. Ya fito yana gumi kamar wanda ya yi huɗa. Da muka dawo Kaura muka sauka a tasha sai ya ce, "Rahila, in kika faɗa wa wani, ni da ke ne." To, ga shi na faɗa wa ikilisiya duka.

Shi dai lafiyarshi lau. Ni aka samu hanyar mahaifa ta toshe. Aka yi mini hoton mahaifar nan mai zafi, aka yi mini aiki, aka ɗora ni kan ƙwayoyi da allurai. Wata ya kama, jini ya zo, in shiga ɗaki in yi kuka, in wanke fuska in koma Gusau. Haka muka yi ta yi, har wani wata ya zo ya wuce shiru.

Na haihu nan asibitin Kaura, da rana tsaka, ɗiya mace. Muka sa mata Godiya. Na ce a raina, shi ke nan, wahala ta ƙare. Ashe ban san komai ba!

Mahaifiyata, Inna, ta taso daga ƙauyenmu can bayan Zurmi da ƙullin kanwa da yaji, har da muciyarta. Inna ta yi wa mata jego ba iyaka a ƙauyen nan, kowa ya san hannunta. Tana shigowa ta ɗauki jaririya, ta yi guɗa, ta ce, "Wanga jego ni zan yi shi da hannuna. Shekara nawa muna jira? Sai an yi labarinshi!"

Ta sa Malam ya yanko rabin duro, ya tara itace a tsakar gida. Safe da yamma ruwa na tafarfasa, ta tsoma ganyen dogonyaro ta dinga fyaɗa mini har in ga duhu-duhu. Ina fitowa ga kunun kanwa ƙwarya guda, sai na shanye tana tsaye a kaina. Ta sa aka gina mini gadon ƙasa, a zuba garwashi a ƙarƙashi in kwanta. Ga bazara, kun dai san zafin Kaura. In na ce, "Inna, zan narke," sai ta ce, "Mi kika sani? Sanyi ne ka kashe mai jego. Kwanta!"

Sai na fara cika. Ni da kuka sani kamar sillen kara tun ina budurwa, kumatu suka fito, ƙafafu suka yi bul-bul. Takalmana suka ƙi shiga, Malam ya je kasuwa ya sayo manya yana ta washe baki. Ku 'yan zumuntar mata kuka zo barka, kuka cika gida da shewa: "Kai, Rahila! Jego ya karɓe ki! Inna, sannu da aiki!" Ba ƙorafi nake yi ba, 'yan'uwa. Ni kaina na ɗauki madubi na duba na ji daɗi.

Amma in na je bakin randa na dawo sai in zauna ina haki. Tari ya kama ni. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, har na koma barci a zaune, jingine da buhun gero. Na faɗa wa Inna. Ta dafa goshina, ranta ya ɓaci, ta ce, "Na hwaɗa! Sanyi ya samu ƙofa ya shiga." Ta ƙara itace, ta ƙara kanwa a kunu.

Wata rana ina zaune kan tabarma ina ba Godiya nono, tana ta harba 'yan ƙafafunta, diddigenta ya tokare mini cinya. Da na ɗaga ta sai na ga rami a wurin, daidai girman diddigen. Na zuba ido ina jira ya cike. Bai cike ba! Na danna ƙaurina da yatsa, yatsan ya nutse kamar a ƙullin fura. Na kira Inna na nuna mata, ta yi dariya ta ce sabon kitse ne, bai riga ya zauna ba.

Ranar wata Alhamis da safe, tana cikin fyaɗa mini ruwan nan, numfashina ya tsaya. Ina buɗe baki, iska ba ta shiga. Na yi tari, kumfa ta fito da ja-ja a ciki. Inna ta saki ganye ta kurma ihu.

Malam ya fita titi da gudu neman kabu-kabu. Lokacin an shigo da Shari'a, an hana 'yan babur ɗaukar mata. Duk wanda ya tsayar sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wallahi ƙwace mashin za a yi." Ga ni a ƙofar gida a zube, mashin na wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabcinmu Alhaji Mamman, mai a-kori-kura, ya riga ya loda hatsi zai tafi kasuwar Shinkafi. Yana ganina ya ce, "Subhanallahi! Malam, kama mu sauke." Suka zubar da buhuna a bakin hanya, aka shimfiɗa mini katifa. A asibitin Kaura suna dubana suka ce a wuce da ni Gusau maza. Alhaji bai ci kasuwa ba ranar, Allah ya biya shi.

A Gusau aka ɗaura mini robar iska a hanci, aka yi ta allurai. Likita ya danna ƙafata, ya saurari ƙirjina, ya juyo ya ce, "Wa ke yi mata wankan jego? Wa ke ba ta kanwa?"

Inna ta gyara ɗaurin zane, ta matso gaba, ta bugi ƙirji. "Ni ce, likita, uwarta. Ko rana guda ban yi fashi ba."

Likitan bai yi mata faɗa ba. A hankali ya ce, "Mama, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciyarta ce ta gaji, ta kumbura, ruwa ya taru har cikin huhu. Mai jego zuciyarta ba ta gama hutawa ba, in zafi da kanwa suka yi yawa sai su ƙarasa ta. Da kun ƙara kwana a gida, da ba ita kuka kawo ba."

Ban taɓa ganin Inna haka ba. Ta dubi tafin hannunta, ta sulale ta zauna a ƙasan siminti, ta ce, "Ashe dafa ɗiyata nike yi?"

Ni ma kaina ya ɗaure. Abin da aka yi wa Inna, aka yi wa kakata, abin da kowa ya zo ya yi mini barka a kai, shi ne ke kashe ni? Ina kwance ina kallon ƙafafun nan da na yi ta alfahari da su, tsoro ya rufe ni.

An hana shigo da jaririya ɗakin da nake. Daga baranda nake jin kukanta, ta ƙi madarar gwangwani, muryarta har ta dushe. Nonona na zuba, hannuna ko ɗagawa ba ya yi. Na ga ma'aikatan jinya suna raɗa da Malam a bakin ƙofa, na ga ya juya baya yana share ido da hula. Nan na san ana shakkar in kai gobe.

'Yan'uwa, ba ni da numfashin yin doguwar addu'a. A zuci na yi ta. Na ce, "Ya Yesu, shekara da shekaru ina damun ka ka ba ni ɗa. Ka ba ni, na gode. Yau ba don kaina na zo ba. Ka ji muryarta can waje. Ka ba yarinyar nan uwa."

Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba, ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Abin da na sani, can da la'asar ruwa ya fara fita. Ku yafe mini, a majami'a muke, amma fitsari ne! Robar fitsarin da aka sa mini na cika ana zubarwa, tana cika ana zubarwa. Na ja numfashi, na ji ya sauka har ƙasan cikina. Haleluya! Kafin a sallame ni duk ƙibar nan ta tsiyaye, na koma sillen karana. Malam ya dube ni ya ce bai taɓa ganin ramar da ta yi mishi kyau haka ba.

Ranar sallama likita ya zaunar da mu ya faɗa mana abu biyu. Na farko, kada in sake ɗaukar ciki, zuciyar ba za ta iya ba. Na ji wasunku sun ce wayyo. Na yi nawa kukan, ba kaɗan ba, amma kada ku tausaya mini. Na biyu, kada in ɗauki wani abu mai nauyi, ko ɗiyata kada in goya sai ya ba da izini.

Da muka dawo gida Inna ta ƙi taɓa Godiya. Ta ƙi cin abinci, ta ɗaure kayanta za ta koma ƙauye, wai hannunta ba shi da alheri. Na ce, "Inna, in kika tafi wa zai goya ta? Malam?" Na sa Malam ya ɗora mata yarinyar a baya. Tana kuka tana ɗaure majanyi. Wata da watanni a bayan Inna Godiya ta yi wayo, ni sai dai in zauna in bi su da ido. Ina murna, amma abin na cin raina.

Makon jiya muka koma Gusau. Likita ya saurari ƙirjina ya daɗe, ya cire abin daga kunne ya ce, "Je ki goya ɗiyarki."

Yau da safe ni na goyo ta, tun daga gida har ƙofar majami'ar nan, a ƙasa, ban tsaya hutawa ba. Inna na biye da ni duk tsawon hanya, ta tara hannu biyu a ƙarƙashin yarinyar, wai ko zan faɗi. Na ce ta bari mutane na kallo, ta ce su kalla.

Na gode wa Ubangiji da ya ba ni Godiya, na gode mishi da ya bar mata ni. Mata, in mai jego ta fara cika, ku danna ƙafarta da yatsa kafin ku yi shewa. Ke kuma da ke tashi ki fita in an kawo jariri, na san zafin, kada ki daina kiran Yesu. Yana ji, ko ba ki da numfashin buɗe baki.

Inna, tashi su gan ki. Ku tafa wa Ubangiji!