Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Fasto, na gode da ka ba ni wuri. Ni manomi ne, ban saba tsayuwa gaban jama'a ba. In kuka ga na yi shiru, kuka ne ya tare ni, ku ɗan jira ni.

Sunana Dauda, daga nan ƙasar Rogo. Shaidata a kan ɗana na fari ce, wanda Allah ya ƙwato mini daga bakin kabari a kakar bara.

Kun san al'adarmu, ba a kiran sunan ɗan fari. Haka na ga ubana yana yi da yayana, haka ni ma na yi. Da aka yaye yaron aka kai shi ɗakin kakarsa, can ya girma. In zan aike shi sai in ce "kai". In ina maganarsa da mutane sai in ce "wancan". Ya yi gemu, ya yi aure, ya haihu, yana nan a "wancan" ɗinsa. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. In ya juya baya nakan bi shi da kallo har ya sha kwana. Kunya ce kawai.

Bara da kaka aka kira taron zumuntar maza can gaba da Gwarzo. Kuɗin mota ya fi ƙarfinmu. Sai dattijonmu Baba Markus ya ce iyayenmu a kan keke suka kai bishara ƙauyuka, mu me ya sami ƙafafunmu? Muka yi dariya, muka kuma yarda. Kowa ya jawo tsohon kekensa daga bayan rumbu, mai faci ya sha aiki. Nawa birkinsa sai da addu'a yake kamawa, dole na sake masa roba.

Kafin mu tashi Baba Markus ya kafa mana doka. Layi ɗaya za a yi, kowa a hannun dama. Ba a jerawa biyu don hira, ba a kama jikin mota don ta ja mutum. Shi zai shige gaba da jan ƙyalle a kan sanda. Ni kuma aka sa ni a ƙarshen layi, wai muryata ce ke korar birai daga gonakin unguwarmu. Aikina in riƙa waiwaye. In na hango mota in yi ihu, kowa ya sauka gefen titi ya tsaya har ta wuce. In wani ya kauce daga layi, in kira shi da sunansa ya koma.

Na ce to. Ko kaɗan ban tuna ba cewa a cikin layin nan akwai mutum ɗaya da bakina bai iya kira ba.

Da safe tafiya ta yi daɗi. Tabarmi a ɗaure a kariyar bayan keke, gorar ruwa na lilo, muna tafe muna waƙa. Ɗan nawa ne ke ba da waƙar, mu muna amshi. Maƙwabtanmu Musulmi da ke girbi a bakin hanya suna ɗago mana hannu, suna cewa a sauka lafiya.

Amma kun san titi da kaka. Manoma sun baza masara da barkono a gefen kwalta, sun jera duwatsu don kada mota ta taka. Mu kuwa duk manoma ne, ba mai hawa kan abincin mutane da taya. Duk inda muka tarar da shanya sai layinmu ya karkato tsakiyar titi, mu wuce, mu koma gefe.

Wajen Tudun Kaya, rana ta fara zafi, muka iske wata doguwar shanyar masara a gangare. Na waiwaya, sai ga babbar mota shaƙe da rake tana gangarowa a bayanmu. Na duba gaba, ga bas tana tahowa. Na ƙwala ihu na ce mota! Na kusa da ni suka taka birki kafin duwatsun. Na gaba sun riga sun wuce sun koma gefe. Mutum ɗaya ne ya rage a tsakiyar titi daidai shanyar, kansa a sama, yana waƙa. Ɗana ne.

Na ce, "Kai! Kai wannan! Kai!"

Duk wanda ke kusa ya waiwayo, kowa na zaton da shi nake. Shi bai waiwayo ba.

'Yan'uwa, akwai lokaci. Wannan ne abin da ya yi ta cin zuciyata. Da ya ji, da tsalle ɗaya zai yi ya faɗa cikin masarar, iyaka a ba mai ita haƙuri. Sunan ya zo har bakina, harshena ya ƙi juyawa.

Direban ya danna hon, ya taka birki, amma bas ta tare masa hanya, ba inda zai kauce. Gefen motar ya kwashe ɗana ya maka shi a kan duwatsun. Na yar da keke na ruga. Na tarar da shi kwance, ƙafa a lanƙwashe, jini na fita ta kai yana shiga cikin masara. Na girgiza shi, ko motsi.

Mai shanyar, wani bawan Allah Musulmi da ake kira Malam Sale, ya tuɓe rigarsa ya ɗaure masa kai. Wasu na ƙoƙarin janye masara daga jinin, ya daka musu tsawa ya ce su bar masara su ɗauki mutum. Shi ya nemo a-kori-kurar ƙaninsa. Direban raken ma bai gudu ba, ya sauko hannu a ka yana salati.

A bayan motar nan na rungume ɗana a cinyata har Karaye. Ko yana jariri ban taɓa riƙe shi haka ba. A asibiti suka tsayar da jinin, suka ɗaure ƙafar, suka ce maza a wuce da shi Kano.

A Kano likita ya ce ƙafa ta karye, wannan mai sauƙi ne. Kan ne ya bugu. Sun yi abin da za su iya, saura jira. Kwanaki suka yi ta wucewa yana kwance kamar itace, ruwa na ɗiga a hannunsa. Uwarsa Saratu ta zo, matarsa Rifkatu ma ta zo da jaririya a baya.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mu riƙa yi masa magana a kunne, mu riƙa kiran sunansa, wani lokaci masu dogon suma suna ji. Ta tafi. Muka tsaya muna kallon juna. Saratu, shi ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Rifkatu ba ta kiran sunan miji, baban Tabita take cewa. Ni kuwa kun ji labarina. Mutum uku da suka fi kowa sonsa a duniya, an rasa mai buɗe baki.

Da ta dawo ta same mu shiru, ta dube ni ta ce, "Baba, ba ku san sunansa ba ne?"

Na sunkuyar da kai.

Abinci ya daina shiga cikina. In na rufe ido sai in ga masara da jini. Wata safiya saurayin da ke gadon kusa da namu ya cika, aka lulluɓe shi aka tura shi waje, uwarsa na bin gadon tana kuka. Ba a jima ba likita ya ja ni gefe, ya ce numfashin ɗana yana raguwa, in shirya zuciyata. Saratu ta karanta maganar a fuskata, ta zube a ƙasa.

Na fita ban san inda nake sa ƙafa ba. A bayan ɗakin da aka kwantar da shi akwai wata darbejiya, na durƙusa a gindinta da rana tsaka, mutane na wucewa suna kallona. Ban damu ba. Na ce ya Ubangiji, ni ka sa gadin layi, ni na kasa. Ka ɗauke ni ka bar shi. Ni na ci nawa zamanin, shi ga jaririyarsa ko zama ba ta fara ba. Na yi ta dukan ƙasa ina cewa ka tashi yaron nan, ka tashi yaron nan.

Sai tambaya ta faɗo mini a zuciya. Ba murya na ji da kunne ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Tambayar ita ce, wane yaro?

Allah ya san shi, shi ya halicce shi. Amma ni, ashe ko a gaban Allah ban taɓa ambaton ɗana ba. Shekara da shekaru ina addu'a, ina lissafa ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, in na zo kansa sai in ce da wancan.

Na buɗe baki na ce, "Ya Yesu, Iliya. Iliya ɗana. Ka ba ni Iliya."

Na tashi na koma ciki. Na durƙusa a bakin gadon, na kai bakina kunnensa, na kira shi. Saratu ta rufe fuska da mayafi. Na sake kira. Can sai na ji muryarta daga cikin mayafin, ita ma tana kira. Rifkatu ta kama ƙafarsa mai lafiya ta shiga kira.

Ba abin da ya faru. Azahar ta wuce muna kira. Muryar nan tawa da ake yi wa ba'a ta dishe, ta koma kamar raɗa, ban daina ba. Wajen la'asar na ji yatsunsa sun matse nawa. Na zaci hannuna ne ke rawa. Na sake kira, ya sake matsewa. Rifkatu ta ruga ta kira likita. Washegari da hantsi Iliya ya buɗe ido. Ku yabi Ubangiji!

Da ya sami ƙarfin magana na tambaye shi ko ya ji ihuna a kan titi. Ya ce, "Na ji, Baba, na ji sarai. Amma kowa a layin nan 'kai' ne. Na ɗauka da wani kake."

Na kifa kaina a kan katifar na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ya dafa ni, ya ce inda ya tafi akwai nisa, kuma bai so dawowa ba don gajiya. Sai ya ji sunansa cikin wata murya da ya sani tun yana yaro, amma bai taɓa jin ta faɗe shi ba. Ya ce shi ne ya juyo ya ga ko da gaske ne.

Ban zo in ce ku zubar da kunya ba. Har yau ba na iya cin tuwo kwano ɗaya da shi. Amma wanda duk aka ba gadin layi a kan titi, ya tabbata bakinsa na iya kiran kowa da ke gabansa. Wanda kuma zai durƙusa saboda nasa, ya faɗi sunansa, kada ya jira irin ranar da na gani.

Na gode wa Yesu da ya ji kukan tsoho a gindin bishiya. Na gode muku da kuka yi azumi dominmu. Allah ya saka wa Malam Sale da alheri, har Kano ya biyo mu dubiya. In likita ya ce maka ka shirya zuciya, ka shirya ta wajen dogara ga Ubangiji, domin maganar ƙarshe tasa ce.

Ƙafar ta ɗan gajarce, bai koma hawan keke ba, amma da ita ya tako zuwa sujada yau. Ga shi can a bencin mawaƙa da 'yarsa a cinya, yana ɓoye fuska.

Iliya, ɗana, tashi jama'a su ga aikin Allah.

Amin.